Karaya biyu cikin wata 14: me ya canza bayan 'yata ta gama jami'a?

"Assalamu alaikum Likita. Shekararmu 21 a Amurka. 'Yata ta biyu 'yar gudun dogon zango ce, da gudun ta yi karatun jami'a kyauta, kuma duk shekara huɗun da ta yi tana wakiltar makarantarsu ba ta taɓa jinyar da ta wuce mako biyu ba. Da ta gama, wani kamfanin takalma ya ba ta kwantiragi, ta koma wani gari na kan tsauni tana atisaye da wata ƙungiya. Wata bakwai da zuwanta aka ce ƙashin ƙwaurinta ya tsage. Ta warke ta koma, yanzu kuma an ce wani ƙashi ne a ƙugunta ta baya ya tsage, da sanduna take tafiya. Shekararta 23. Ta rame, ba ta son doguwar magana a waya. 'Yan'uwa a gida suna cewa baki ne ya kama ta, mahaifinta kuma ya ce ta tattaro ta dawo ta nemi aikin da ta karanta. Ni dai so nake in gane, me ya canza? Yarinyar da ba ta ciwo, me ya sa sai da ta zama ƙwararriya ta fara karyewa? Kuma da sauran fata, ko mu haƙura?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da ɗan gyara. Ni ba likita ba ce irin mai yanka ko mai rubuta magani. Aikina gashi da motsa gaɓoɓi, abin da a asibitocinmu na gida ake ce wa fisiyo, kuma yawancin shekarun aikina a kan 'yan gudu na yi su, da farko a sashen wasanni na wata jami'a, daga baya a wurin da ƙwararru ke zuwa da kuɗin aljihunsu. Ban ga 'yarki ba, ban ga hotunan ƙashinta ba, don haka maganata ba za ta tsaya a madadin ta likitan da ya duba ta da hannunsa ba. Sai dai labarin da kika bayar na sha jin irinsa, har ina iya faɗin abin da zai biyo baya tun mai ba da shi bai kai rabi ba.

Abu biyu kika tambaya, me ya canza, da kuma ko akwai fata. Ga amsar ta farko a dunƙule: yarinyar tana nan yadda kika san ta, abin da ke kewaye da ita ne ya sauya. An ƙara mata kaya a daidai lokacin da aka zare mata gammo.

Inuwar da ta fito daga cikinta

Gudun jami'a a ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba wasan yara ba ne. Shekara kashi uku ce: gudun daji da kaka, wanda ake rufewa da gasar ƙasa a watan Nuwamba, mata kilomita 6, maza 10, gudun cikin rufaffen fili da hunturu zuwa Maris, sai na buɗaɗɗen fili zuwa Yuni. Amma duk da wahalar, akwai shinge a kewaye da ɗalibi wanda shi kansa bai cika lura da shi ba. Doka ta iyakance atisayen dole zuwa awa 20 a mako, da hutun kwana ɗaya. Akwai ɗakin cin abinci da za ta shiga ta tarar an dafa. Akwai irina a ɗakin jinya, in ta ji wani abu a ƙafarta da safe, kafin la'asar wani ya taɓa wurin, in ana bukatar hoto makaranta ce za ta biya. Ga ƙawaye sa'o'inta, ga darasi da jarrabawa da ke tilasta mata ta manta da gudu na wasu awoyi kowace rana.

Ranar da ta yi tserenta na ƙarshe, duk wannan ya tsaya cak. Ƙwararren ɗan gudu a ƙasar nan ba ma'aikacin kowa ba ne, ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa. Shi zai yi cefane, shi zai girka, shi zai nemi likita, sau da yawa shi zai biya.

Sannan ta faɗa cikin manya. Ƙungiyoyin ƙwararru suna taruwa a garuruwa irin Flagstaff a jihar Arizona, mai tsayin kusan mita 2,100 daga teku, ko Boulder a Colorado, mai sama da mita 1,600. A can za ta tarar da mata 'yan shekara 28 ko 30 da suka shafe shekaru suna tara wannan nauyi a jikinsu a hankali. Gudun da su ke ɗauka na hutu, ita a wurinta aiki ne, kuma sabuwar zuwa ba ta iya buɗe baki ta ce a rage sauri, kunya da son a ga ta cancanta ba za su bari ba. A abin da nake gani, yarinyar da ke yin kilomita 90 zuwa 100 a mako a jami'a, cikin 'yan watanni sai ki same ta a 130 ko 150.

Ba don mugunta ake yin haka ba, tazarar ce ke da faɗi. Wadda ta yi mita 5,000 cikin minti 15 da daƙiƙa 30 tauraruwa ce a jami'a. Amma ma'aunin shiga gasar Olamfik ta Faris a 2024 minti 14 da daƙiƙa 52 ne, wato lokacin da mai wancan gudun ta kai layi, 'yar jami'ar tana baya da fiye da rabin zagayen fili. Kuma Amurka mutum uku kawai take turawa a kowane tsere. Kowa yana gaggawar cike wannan giɓi, koci da wakili mai nema mata kwantiragi da ita yarinyar kanta.

Yadda ƙashi ke tsagewa ba tare da an faɗi ba

Mu a Hausa in an ce karaya, tunaninmu faɗuwa ko haɗarin mota. Wannan daban ce. Ki tuna yadda ake karya waya ba tare da almakashi ba, a lanƙwasa nan a lanƙwasa can, sau ɗaya ba ya komai, amma a ci gaba sai ta yi zafi ta tsinke. Duk takun da mai gudu ya yi, nauyin da ke sauka a ƙafarsa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mai yin kilomita 150 a mako takunta ya haura 100,000 a makon nan kaɗai.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum cikin rushewa da sake gini yake. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare inda ya gaji, akwai masu zuwa bayansu su yi yaɓe. Matsalar ita ce masu kankara sun fi sauri. Su cikin 'yan makonni sun gama, masu yaɓe kuwa sai sun ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin sabon ginin ya yi ƙwari. Ke nan duk lokacin da aka ƙara wa mutum atisaye, akwai wani tsakani da ƙashinsa ya fi rauni fiye da kafin a fara. Zuciya da huhu kuwa cikin makonni suke sabawa. Wannan shi ne tarkon. Yarinya tana jin numfashinta ya buɗe, agogo yana nuna mata ta fi da sauri, koci yana murna, alhali ƙashin yana can yana bin bashi. Shi ya sa ban yi mamakin wata bakwai da kika ambata ba, daidai lokacin ne da abin ya saba fitowa.

Takalman zamani ma suna da hannu, ko da yake ba na ɗora musu duka laifin. Tun da Nike ta fito da takalmin Vaporfly a 2017, kusan kowane kamfani yana yin takalmi mai faranti mai tauri a ciki da soso mai tsalle. Suna rage gajiyar tsoka, sai mutum ya iya yin atisaye mai tsanani yau ya sake gobe, gajiyar da a da take zama birki ta kau. A 2023 wasu likitocin wasanni sun wallafa bayanin 'yan gudu biyar da wani ƙaramin ƙashi na tsakiyar ƙafarsu ya samu matsala suna amfani da irin waɗannan takalma. Mutum biyar ba su isa yanke hukunci ba, amma ni ina hana marasa lafiyata sa su kullum. Wanda ya sauya kamfani kuma ya sauya takalmi gaba ɗaya rana guda, ƙafar da ta shekara huɗu da sanin wani samfuri dole ta koyi sabo.

Da a ce ƙwaurin ne kaɗai, da nan zan tsaya. In ce an yi gaggawa, a rage, a koma a hankali. Karaya ta biyun ce ta sa na gyara zama.

Abin da ƙashin ƙugu ke faɗa

Ƙashin da nake zaton ana nufi shi ne wanda ke can ƙarshen gadon baya, mai faɗi kamar allo, inda baya ya haɗu da ƙugu. Cikinsa ba dunƙulalle ba ne kamar na ƙwauri, saƙa ce kamar soso. Irin wannan ƙashi, da shi da wuyan ƙashin cinya, su ne suka fi saurin jin yunwa da sauyin sinadaran jiki. A wurinmu masu wannan aiki, in matashiya 'yar gudu ta tsage a nan, musamman karo na biyu cikin ɗan lokaci, muna ɗauka cewa abincin da take ci bai kai aikin da take yi ba, har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ruwa ba ya tsami banza. Kin kuma ce ta rame.

Abin yana da suna. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya kira shi RED-S, ya sake faɗaɗa bayaninsa a 2018 da 2023, ma'anarsa ƙarancin kuzari a jikin ɗan wasa idan an gwada da abin da yake ƙonawa. Lissafin mai sauƙi ne. Mace mai nauyin kilo 52 da ta yi kilomita 20 a rana ta ƙone wajen kalori 1,000 a gudun kaɗai, ban da ɗaga ƙarfe, ban da abin da jiki ke bukata don ya rayu. In abin da ya rage bai isa ba, jiki sai ya yi abin da uwar gida ke yi in kuɗin cefane ya gaza, ya fara yanke abin da za a iya jinkirtawa. Cikin farkon abubuwan da yake yankewa a mace akwai al'ada. Da al'ada ta ɗauke, sinadarin estrojin da ke tsare ƙashi ya yi ƙasa, masu kankara su ci gaba da aiki, masu yaɓe su rasa kayan aiki. Zaman tsauni yana ƙara dagula lissafin, domin a can jiki ya fi ƙona abinci ko a zaune, marmarin cin ya ragu, bukatar sinadarin ƙarfe a jini ta ƙaru.

Kar ki ɗauka dole sai yarinya ta ƙudurta hana kanta abinci. Kashi biyu nake gani. Akwai wadda kawai ba ta iya lissafin ba, ta dawo daga atisaye a gajiye, babu mai dafa mata, ta ci ɗan ganye da ƙirjin kaza ta kwanta, tana ganin ta ci abinci mai kyau. Akwai kuma wadda tsoron ƙiba ya shige ta, ko don wata kalma da wani ya yar mata, ko don kallon jikin abokan gudunta. Ta farkon mai ba da shawara kan abinci ya ishe ta. Ta biyun ciwo ne na gaske da ke bukatar likitan ƙwaƙwalwa, kuma faɗa ko gori ba sa warkar da shi, sai dai su koya mata ɓoyewa.

A nan zan faɗi kuskurena. A farkon aikina an kawo mini wata yarinya da tsagewar ƙwauri. Na bi littafi tiryan-tiryan, hutu, ninƙaya, keke, tafiya, sassarfa, ciwo ya tafi, na sallame ta ina jin daɗin kaina. Bayan wata biyar ta dawo da sanduna, wannan karon ƙugu. Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko. Ta ce wata 19 rabonta da ganin al'ada, kuma an gaya mata haka 'yan gudun kirki suke, alama ce ta jiki ya murje. Ban tambaya ba don kunya ta hana ni, ita ma ba ta faɗa ba don ba ta san ciwo ba ne. Tun daga ranar babu macen da ke hawa gadon dubawata ban yi mata wannan tambaya ba. Ɗaukewar al'ada wata uku a jere ga wadda ba ta da ciki ba ado ba ne, dalilin ganin likita ne. Kuma a lura, ƙwayar tsarin iyali tana kawo jini duk wata, sai a zaci an warke, alhali ba ta gyara ƙashin ba, rufe matsalar kawai ta yi.

Duniya ta fara sauraron wannan magana sosai a Nuwamban 2019, lokacin da 'yar gudun Amurka Mary Cain ta bayyana a jaridar New York Times cewa a ƙungiyar da koci Alberto Salazar ke horarwa an matsa mata ta rage nauyi, al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Salazar ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen. Ita Cain tun daga sakandare ta zama ƙwararriya, ba ta bi ta gudun jami'a ba, amma abin da ya sami jikinta shi ne dai wannan. Abin da ya sa nake damuwa da shi fiye da kowace lambar yabo shi ne, ƙashin mutum yana gama tara ƙwarinsa ne kafin shekara 30. Abin da aka rasa a 23 ba lallai a maido shi duka ba, kuma da wannan ƙashin za ta ɗauki ciki, da shi za ta tsufa.

Takardar da ta sa wa hannu

Ki nemi ta karanta miki kwantiraginta, ko ta ba lauya ya duba, don ni ba fannina ba ne. Yawancin irin waɗannan takardu suna da sharaɗin ragi, wato in ɗan wasa bai fito a tsere kaza ba a shekara, ko bai kai wani matsayi ba, kamfani yana da ikon zaftare kuɗin. Wakili kuma galibi yana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. Maganar ragin nan ta taɓa kaiwa kotu a 2016, lokacin da Nike ta kai ƙarar Boris Berian, zakaran duniya na mita 800 a rufaffen fili, don ya zaɓi tayin New Balance wanda babu ragi a cikinsa. Daga baya Nike ta janye ƙarar.

Na kawo wannan ne don ki gane abin da ke cikin kan yarinyar da ke kwance. Ɗalibar da ta ji ciwo ta san karatunta yana tafiya. Ƙwararriyar da ta ji ciwo kwana take tana ƙirga watannin da suka rage kafin a yanke mata albashi, gaba kura baya sayaki. Sai ta koma fili da mako uku ko huɗu kafin lokaci, ko kuma ta kwashe awa uku kullum a kan keke da cikin ruwa don kar ƙarfinta ya zube, ta kuma rage ci tunda a ganinta ba ta gudu. Da haka ramin da ya jawo karayar farko yake ƙara zurfi a lokacin da ake zaton ana jinya. Ina kyautata zaton a nan aka haifi karaya ta biyu.

Abu guda mai amfani nan take: dokar ƙasar nan ta ba ɗa damar zama a kan inshorar lafiyar iyayensa har ya cika shekara 26. In ku kuna da ita kuma ba a sa ta ba, a duba. Na ga 'yan gudu da suka yi wata guda suna ɗingishi a kan tsagaggen ƙashi don tsoron kuɗin hoton MRI, alhali hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewa a makonnin farko.

Abubuwan da suka shafe mu musamman

Akwai 'yan abubuwa da likitan da bai saba da mu ba zai iya tsallakewa. Na farko bitamin D, wanda fata ke haɗawa daga hasken rana kuma ƙashi ba ya shan sinadarin kalsiyam sosai sai da shi. Baƙar fata tana bukatar rana fiye da fara kafin ta haɗa daidai gwargwado, ga hunturun ƙasar nan, in kuma tana rufe jiki wajen gudu sai abin ya ƙaru. Gwajin jini ne mai sauƙi, a yi shi tare da na sinadarin ƙarfe.

Na biyu nau'in jini na gado, wanda ya shafi sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Tun 2010 NCAA ta sa a riƙa tantance 'yan wasan manyan jami'o'i, don haka wataƙila ta san nata. AS ba ya tsaga ƙashi kuma ba ya hana gudu, amma a kan tsauni, da matsananciyar gajiya da ƙishirwa, yana iya taɓa saifa. Ryan Clark, ɗan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh, wanda shi ma AS ne, sai da aka cire masa saifa bayan wasan da ya buga a Denver, gari mai tsayi sosai daga teku, a 2007. In ita AS ce, kocinta ya sani.

Na uku azumi. Hukuncinsa na malamai ne, ba nawa ba, ta tambayi malamin da ta amince da shi ta kuma gaya masa ainihin halin da take ciki. Abin da zan ce ta fuskar jiki shi ne, ba a haɗa azumi da cikakken atisayen ƙwararru a ce ba abin da zai ragu. Waɗanda na ga sun yi shi lafiya sun rage nauyin aiki a watan, sun mai da mai tsananin bayan buɗa-baki, ba sa wasa da sahur.

Maganar baki kuwa, ba zan yi jayayya da dangi ba, a ci gaba da addu'a, babu wanda ya fi ƙarfinta. Roƙona biyu ne. Kar a kai ta wurin mai ɗori, domin ba abin da ya goce da za a mayar, matsa da murza sai dai su ƙara tsagewar. Sannan kar a aiko mata da garin magani ko jiƙo daga gida ta sha ba tare da likitan wasanni ya sani ba. Dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba ta karɓar uzurin ban sani ba, duk abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa shi ke da alhaki. Ko tiramadol da mutanenmu ke sha don ciwon jiki an haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Ta dawo gida ko ta ci gaba?

Fata akwai, kuma ba don in kwantar miki da hankali na faɗa ba. Emily Infeld ta gama jami'ar Georgetown ta shiga ƙungiyar ƙwararru a 2012, wannan ƙashin na ƙugu ya tsage mata har sau biyu, sannan a 2015 ta ci tagulla a mita 10,000 a gasar duniya ta Beijing. Molly Seidel ta ci kambun NCAA huɗu a jami'ar Notre Dame, a 2016 ƙashin nan ya tsage mata, maimakon gasar neman gurbin Olamfik sai ta shiga jinyar matsalar cin abinci. Ta yi aiki a shagon kofi, ta yi renon yaran mutane, a 2020 ta zo ta biyu a gasar neman gurbin Olamfik a Atlanta, a gudun fanfalakinta na farko, a 2021 ta ci tagullar Olamfik a Sapporo. Evan Jager ya sha tiyatar ƙashin ƙafa a 2010, ya sauya zuwa tseren tsallake shinge da ruwa, ya ci azurfa a Rio a 2016.

Amma adalci ne in faɗi ɗaya gefen. Chris Solinsky a 2010 ya zama mutum na farko da ba haifaffen Afirka ba da ya yi mita 10,000 ƙasa da minti 27. Shekara guda bayan haka jijiyar bayan cinyarsa ta ɓalle daga ƙashi, aka yi tiyata, bai sake komawa inda yake ba har ya yi ritaya a 2016. Waɗannan ma sunayensu muka sani don sun yi fice. Waɗanda suka fi su yawa su ne waɗanda suka yi shekara biyu, kwantiragi ya ƙare, suka koma aikin da suka karanta ba wanda ya rubuta labarinsu, kuma cikin waɗanda na sani mafi yawansu suna zaune lafiya.

Don haka a ganina Alhaji bai yi kuskure duka ba, lokacin maganar ne bai yi ba. Mutumin da ke kan sanduna, wanda abin da aka san shi da shi tun yana ɗan shekara 14 ya kuɓuce masa, ba a sa shi yanke shawarar rayuwa. In ni ce, zan roƙi a ba ta shekara guda da ba ranar wata gasa a cikinta. A yi hoton auna ƙwarin ƙashi da ake kira DXA, a yi gwajin jini, ta ga likitan wasanni da ya san RED-S, da mai ba da shawara kan abincin 'yan wasa. Irin wannan tsagewa takan ɗauki wata uku zuwa shida kafin a koma cikakken atisaye, amma ni ba kalanda nake bi ba yanzu. Sharuɗɗana su ne ta yi tafiya da tsalle a ƙafa ɗaya ba ciwo, nauyinta ya dawo, al'adarta ta dawo da kanta ta kuma zauna. In na ƙarshen bai cika ba, ba na sa hannu a ƙara mata kilomita, ko wa zai yi fushi. Yadda kocinta zai karɓi wannan sharaɗi shi zai nuna muku ko wurin zama ne ko na tashi. In ta samu ɗan aiki na rabin rana a fannin da ta karanta a wannan shekara, ribar biyu ce, hankalinta ya rabu, tsoron ragin albashi ya sassauta, mahaifinta ma ya samu abin riƙewa.

Rashin son maganarta a waya shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Baƙin ciki mai tsanani yana yawan biyo bayan irin wannan ciwo, yunwar jiki kanta tana dusashe walwala. In da hali, kar ki tsaya a waya, ki je. Ki yi mata mako guda, ki dafa abin da ta taso da shi, tuwo da miyar kuka ko dambu, ku zauna ku ci tare, ba tare da kin ƙirga mata loma ba. Ki lura da idonki ko tana ci ko tana juya cokali, ko tana tashi zuwa banɗaki da an gama. Kar ki tambaye ta yaushe za ta koma gudu, kowa abin da yake tambayarta ke nan. In kun keɓe ku biyu da dare, ki yi mata tambayar da ni na kasa yi wa waccan yarinyar, yaushe rabonta da al'ada. In kuma kika ji ta furta wata magana mai kama da ta gaji da rayuwa, kar a jira gari ya waye, lambar wayar 988 ta taimakon masu tunanin kashe kansu tana aiki dare da rana a duk faɗin ƙasar nan.

In sakamakon DXA da na jinin sun fito, kina iya sake rubuto mini da lambobin, in fassara miki abin da suke nufi kafin ku koma wurin likita. Ki gaishe ta da jiki.